Dokin da Aka Kai Wankin Mota

Da hantsi Ɗanladi ya dawo daga yankan ciyawa, dami biyu ɗaure a bayan keke, wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Yana turo ƙyauren bargar da ke bayan gidan Alhaji Nu'uman sai ya tsaya cak. Ga turke, ga kwanon dusa, kashin doki ma bai gama hucewa ba, amma babu doki.

Shekararsa bakwai yana kula da Kili, farin ingarman Alhaji, kuma a cikin shekarun nan ba wanda ya taɓa kwance dokin ba tare da saninsa ba. Shi kansa mai dokin, lokacin da yake iya hawa kafin tumbi ya hana shi, sai ya aiko tukuna a ɗaura masa sirdi.

Rabi mai aikin Hajiya tana shanya a tsakar gida. Ya leƙa ta ƙaramar ƙofa.

"Rabi, ina dokina?"

"Naka ko na Alhaji?" ta ce, ko juyowa ba ta yi ba. "Fakhru ya fita da shi. Wai abokinsa zai yi hotunan kafin aure da yamma, dokin kuma duk jar laka, wai kai wankinka na ƙauye ne."

"Ina ya kai shi?"

"Wurin Stanley."

"Wane Stanley?"

"Stanley nawa gare mu a unguwar nan ta Magajiya? Mai wankin mota mana."

Ɗanladi ya saki keken, ya faɗi da ciyawar. Fakhruddeen shi ne babban ɗan Alhaji, saurayi mai son tsabta, kullum ya yi sammakon aiki Abuja sai bayan magariba a gan shi. Iyakar saninsa da doki shi ne ya tsaya kusa da shi a ɗauke shi hoto.

Ɗanladi bai kai bakin layi ba ya jiyo hayaniya da ƙarar kofato. Sai ga Kili ya kunno kai a guje, jiƙe sharkaf, kumfar omo a gadon bayansa, igiyar ragama tana jan ƙasa a tsakanin ƙafafunsa. Jama'a na biye da shi ana a tare a tare, har da wani ɗan acaba da ya danne hon yana ganin taimako yake yi.

"Kowa ya tsaya inda yake," in ji Ɗanladi, ya ɗaga hannu ɗaya. "Kai mai babur, kashe shi."

Bai tari dokin gaba da gaba ba. Ya koma gefen layi ya ba shi kafaɗa, ya sassauta jiki, ya yi irin fiton da yake yi in zai zuba dusa. "Haba Kili. Ni ne. Haba ɗan gidana." Dokin ya rage gudu, ya tsaya yana huci, farin idonsa duk a waje, fatar wuyansa na ɓari. Ɗanladi ya jira har kunne ɗaya ya juyo wajensa, sannan ya matsa ta kafaɗar hagu, ya dafa wuya, ya sunkuya a hankali ya ɗauki igiyar ya ninke ta cikin tafin hannu. Wajen ƙarshenta akwai jini, kuma da ya duba dokin sama da ƙasa ya tabbata ba nasa ba ne.

Sai da ya ɗauki kusan awa guda yana ɗauraye masa sabulun da bokiti, don in ya bushe a jiki zai ci fata. Daga kofato ya fara, ya haura gwiwa, ya haura kafaɗa, kowane moɗa sai ya bari dokin ya gan shi kafin ruwan ya taɓa shi, bakinsa kuma bai daina magana ba. Da ya ga Kili ya sa baki a ciyawa, sai ya ja ƙyaure ya nufi bakin titi.

Stanley yana zaune a kan benci a wurin sana'arsa, hannu biyu a ka. A nan Suleja aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan garin. Injin feshin ruwansa yana gefe a kife, murfin ya lotsa.

"Baba mai doki, wallahi na gaya masa," ya ce tun kafin a tambaye shi. "Na ce oga, bas na wanke, tipa na wanke, amma wannan motar taka kunne gare ta. Ya ce farin fenti duk ɗaya ne. Na ƙi. Ya ce to daga yau motocin gidansu sun daina zuwa nan. Sai na tayar da inji."

"Da ka tayar, me dokin ya yi?"

"Ya kwantar da kunnuwa baya. Na ɗauka sanyi yake ji."

"Ta ina ka fara?"

"Ta baya. Ni kowace mota ta baya nake farawa."

Ɗanladi ya rufe ido na ɗan lokaci. Ruwan injin nan in ya sami tafin mutum sai ya yi kamar an zuba masa bulala, ga shi an aika wa doki shi ta inda ba ya gani.

"Shi Fakhrun yana ina a lokacin?"

"Yana gaba, yana ɗaukar bidiyo. Waya a hannun dama, to ka ga hannu ɗaya ya rage masa, sai ya nannaɗe igiyar a wuyan hannun hagu, zagaye uku. Ruwa na taɓa dokin ya yi harbi da ƙafa biyu, ka ga injin can. Sannan ya zabura. Ya ja oga daga kan simintin nan har bakin kwata kafin igiyar ta zame, da fatar ta tafi. Hannun ya karye, kafaɗa ta goce. An tafi da shi asibiti."

"Kai ma ka gode wa Allah da injin ya tsaya maka," in ji Ɗanladi. "Da a ƙirjinka kofaton ya sauka, da yanzu ana neman lambar 'yan'uwanka."

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, masu jaje suna zuwa suna tafiya. Alhaji Nu'uman, dillalin siminti da rodi, mutum ne da bai saba a mayar masa da magana ba. Ya dawo daga asibiti idonsa jawur, yana ba duk wanda ya zauna labari iri ɗaya: yaro ya fita da doki shan iska, haka kawai dokin ya haukace.

"Dama dabbar nan idonta bai taɓa yi min ba," in ji wani maƙwabci.

"Farin doki ai sai a hankali, ba shi kaɗai yake yawo ba," in ji wani. Wani kuma a can ƙarshen tabarma ya sunkuyar da kai yana kallon wani abu a waya, da ya ga Ɗanladi ya matso sai ya tura ta aljihu.

Ɗanladi ya durƙusa ya yi jaje, ya tambayi jikin Fakhru. Alhaji ya amsa a taƙaice, sannan ya ce, "Na yi magana da Bashir dillali. Gobe da safe zai zo da mota. Ya ce kai za ka loda masa, tunda kai ya sani."

Ba wanda ke wurin da bai san sana'ar Bashir ba. Dawakin da yake tarawa kudu ake kai su, kuma ba don a hau su ba.

"Ranka ya daɗe, dokin nan lafiyarsa ƙalau," in ji Ɗanladi. "Wankin mota aka kai shi. Aka tayar masa da inji a kunne, aka fesa masa ruwa ta baya, shi kuma Fakhru ya naɗe igiya a hannu. Ko jakin kai taki aka yi wa haka sai ya ja mutum."

Alhaji ya juyo ya dube shi.

"Ɗana na kwance an ɗaure masa hannu da ƙarfe, kai kana min zancen wanki."

"Allah ya ba shi lafiya, ni ma ɗana ne. Amma shekara bakwai ina shiga tsakanin ƙafafun dokin nan safe da yamma, ko farcena bai taɓa takawa ba. Tun yana ɗan makaranta nake gaya wa Fakhru, igiya ninke ta ake yi, ba a naɗawa, don in doki ya fizga ka buɗe hannu ya tafi abinsa. Ya ce min shi ba zai zama mai kwasar kashin doki ba."

"Ɗanladi."

"Na'am, Alhaji."

"Gobe da safe ka loda shi."

"Ba zan loda ba."

Wani dattijo ya ce, "Kai Ɗanladi, ka san da wa kake magana kuwa?"

"Na sani, Baba. Shi ya sa ban ɓoye masa ba. Dokinsa ne, in ya ga dama ya sayar. Amma ba hannuna ne zai kai shi ga wuƙa a kan laifin da ba nasa ba."

"To ka haɗa kayanka," in ji Alhaji. "Motar na tashi, kai ma ka tashi."

Ɗanladi ya ce to, ya miƙe. Kayan nasa ba wasu masu yawa ba ne: tabarma, bargo, rediyo, lauje, da kaya kala uku a ɗakin da ke jikin bargar. Iyalinsa suna ƙauyen Garam, gidan wansa. Abin da zai faɗa musu in ya isa, bai tsaya tunaninsa ba.

Washegari an kwana ana ruwa, ƙasa duk ta yi santsi. Wajen ƙarfe takwas Bashir ya iso da wata tsohuwar motar kaya ƙirar kanta mai bodin katako, ya sa aka yi baya da ita har ta toshe ƙofar bargar. Ya zo da mutum biyu masu lodi, ɗaya dogo, ɗaya gajere kakkaura. Suka jingina falankai uku a bayan motar. Alhaji ya fito ya tsaya a ƙaramar ƙofa, hannu a baya.

Ɗanladi ya riga ya ba Kili dusa da kanwa, ya goge shi, ya share barga kamar kullum. Yanzu yana zaune a kan kifaffen bokiti, ƙunshin kayansa a gefe, laujensa a kan cinya.

"Malam Ɗanladi, bismilla," in ji Bashir.

"Ni ɗan kallo ne yau."

Bashir ya dubi Alhaji. Alhaji ya ce, "Mutanenka ba maza ba ne?"

"Shanu muke lodawa kullum, Alhaji," in ji gajeren, yana dariya. "Bijimin da ya fi wannan mun sa shi a mota yana kuka."

Dogon ya kwance dokin daga turke, ya ƙulla doguwar igiyarsu a jikin ragama, ya haye cikin motar yana ja. Kili ya bi har bakin falankan, ya sunsuna, ya sa kofato ɗaya, katakon ya yi ƙara ya motsa. Ya janye ƙafarsa ya toge. Dogon ya ja, dokin ya ja. Igiyar ta jiƙe tana zame masa, sai ya murɗa ta a hannu, zagaye ɗaya, zagaye biyu. Gajeren kuwa ya tsinci wani guntun rodi a gindin katanga ya zagaya baya, yadda suke yi wa sa, har yana miƙa hannu zai kama wutsiya ya murɗe.

Ɗanladi ya yi wa kansa alkawari ba zai tashi daga kan bokitin nan ba ko me za a yi. Yana zaune yana kallo. Ya ga kunnuwan Kili sun kwanta sun manne da wuya. Ya ga wutsiyar ta matse. Ya ga kan ya yi ƙasa, nauyin jikin duka ya koma ƙafafun gaba. Gajeren yana tsaye daidai inda ƙafa za ta miƙe ta ƙare, yana cewa, "Za ka hau ko sai na..."

Bai san lokacin da ya tashi ba. Ya damƙi wuyan rigar gajeren ta baya ya fizgo shi gefe, su biyun suka zube cikin laka. Kofato biyu suka wuce ta inda kan mutumin yake, suka sami kwanon rufin da aka kewaye rumbun harawa da shi, ƙarar ta cika unguwa. Dokin ya firgita da ƙarar, ya yi baya da ƙarfi. Dogon ya taho daga cikin motar kamar buhu, ya faɗo a kan falankan da ciki, hannunsa a miƙe, igiyar ta shige cikin nama.

"Saki," in ji Bashir. "Saki mana."

"Ba ta sakuwa," dogon ya ce cikin kuka.

Ɗanladi ya miƙe, ya sa lauje ya datse igiyar a tsakiya, ya jefar da laujen can nesa. Kili ya yi baya har ya bugi katanga, ya tsaya yana huci. Ɗanladi ya ba shi lokaci. Ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya matsa ta kafaɗa, ya kwance ragowar igiyar baƙin daga ragama ya yar, ya ɗauki tasa ya ninke.

Dogon yana zaune yana warware igiya daga yatsunsa, sun yi fari sannan suka fara jini, amma duk suna motsi. Gajeren ya tashi ya je ya tsaya gaban kwanon da ya lotsa, ya gwada tsayin lotsawar da goshinsa.

"Madalla," in ji Alhaji. "Tunda ka kama shi, hau da shi."

"Don mutanen nan na tashi, ba don lodi ba."

"Ɗanladi, kada ka kai ni bango."

"Alhaji, jiya mutum ɗaya, yau saura kaɗan biyu. Ɗaya ya tsaya a baya, ɗaya ya naɗe igiya, yau ma haka, jiya ma haka. In an kai wannan an yanka, ka sayi wani, ranar da aka yi masa haka shi ma abin da zai yi ke nan."

Bashir ya karkaɗe babbar rigarsa. "Alhaji, da sharaɗi muka yi magana, mai kula da shi zai loda. Ni dabba nake saye, ba jinyar mutane ba. In kun daidaita a gidanku ka kira ni." Ya yi wa mutanensa hannu, suka tura falankan cikin mota. Ɗanladi ya juya dokin ya fuskanci motar kafin direba ya tayar, don ya ga abin da ke ƙara.

Da motar ta tafi, Alhaji ya tako cikin bargar, yana ɗage rigarsa daga laka. Ya nufo su ta bayan dokin.

"Ta nan, ranka ya daɗe," in ji Ɗanladi. "Ta gaba, inda zai gan ka."

Alhaji ya tsaya, ya dube shi kamar zai yi zagi, sannan ya zagayo. Ya rage murya yadda Rabi da ke leƙe ta ƙofa ba za ta ji ba.

"Ka ɗauka ban ga bidiyon ba? Tun jiya a asibiti aka nuna min. Uwarsa ta rantse ɗanta ba zai dawo ya tarar da dokin nan a gidan ba, kuma gobe za a sallamo shi. Ya kake so in yi?"

"Ba zai tarar da shi ba. Zan tafi da shi Garam, gonar wana."

"Da wace motar?"

"Da ƙafarsa. Huɗu gare shi."

"Wa zai ciyar da shi? Ni dai ko ƙwayar dusa ba zan aika ba. Kuma maganar aikinka tana nan yadda na faɗa."

"Damina ce, ciyawa ba ta kowa ba ce."

Alhaji ya kalli dokin. Kili ya miƙo hanci yana sunsunar hannun rigarsa, shi kuwa ya janye hannun.

"Ba kyauta na ba ka ba, ka ji da kyau. Dokina ne. Duk ranar da na sami mai saye, zan turo shi."

"Turo shi, Alhaji. Sai ya zo da mai loda masa."

Ɗanladi ya ɗaure ƙunshin kayansa a bayan keke, ya jingina shi a ɗakin, ya ce wa Rabi wani zai zo ɗauka. Ta kawo masa ɗumamen tuwo a leda da gorar ruwa, ta miƙa daga nesa.

"Kai dai taurin kai zai kashe ka, Ɗanladi."

"In ya tashi kashe ni, ta gaba zai zo. Ki gaida Fakhru, ki ce ina masa sannu."

Garam tafiyar wuni ce ga mai jan doki, kuma kafin ya sami hanyar gonaki dole ya bi bakin babban titi na ɗan lokaci. Ya sa Kili ta ɓangaren kwata, shi ya tsaya tsakaninsa da motoci, kafaɗarsa daidai da wuyan dokin. A wani wuri ruwa ya cinye gefen hanya, sai da suka hau kwalta. Motoci suka taru a bayansu. Wani direban bas mai lodin Abuja ya danna hon, ya sake dannawa, ya leƙo da kai.

"Malam, titin na ubanka ne? Ka ja abinka ka ba mutane hanya."

Kili ya ɗaga kai, kunnuwansa suna juyawa. Ɗanladi ya dafa masa wuya, ya tsaya cak a tsakiyar hanyar har sai da ya ji jikin dokin ya saki. Sannan ya waiga.

"Ƙara danna hon ɗin nan sau ɗaya," ya ce, "mu kwana a nan ni da kai da fasinjojinka."

Direban ya buɗe baki, wata mata a kujerar gaba ta ce masa wani abu, ya mayar da kansa ciki. Ɗanladi ya ce, "Mu je, Kili," suka ci gaba da tafiya a irin takunsu, motocin na biye a hankali.